In ba za ka riƙa yi mata caji ba, kada ka saye ta

Kwanan baya wani abokin aikina ya rage mini hanya a motarsa. Mota ce mai kyau, irin wadda ake liƙa wa haruffan PHEV a baya, wato mai injin fetur haɗe da babban batir da ake jona wa wuta. Na buɗe but zan ajiye jakata, sai na ga wayar cajin a naɗe cikin ledarta, ko ɗaurin da kamfani ya yi mata ba a tsinke ba. Alhali motar ta yi watanni a hannunsa.

Na ce, "Malam, wannan wayar fa, ado ce?"

Ya yi dariya ya ce, "Ai ba sai na wahalar da kaina ba. Ita take cajin kanta."

Maganar nan ta tsaya mini a rai, don ba shi kaɗai yake faɗinta ba. Dillalan motoci suna faɗi, masu bidiyon bitar motoci a intanet suna faɗi, har ta zama kamar wata gaskiya da ba a ja da ita.

Ga matsayina tun kafin mu yi nisa. Idan ba ka da inda za ka riƙa jona motar nan da wuta akai-akai, musamman a wurin da take kwana, kada ka saye ta. Ka nemi haibirid ta gama-gari, wato mai injin fetur da na lantarki amma ba ta da wurin caji ko kaɗan, ka rage kuɗin saye kuma ka rage shan mai. Motar cajin ba za ta lalace don an ƙi jona ta ba, kuma ba za ta yashe ka a hanya ba. Abin da zai faru shi ne ka biya kuɗin ɗaya daga cikin kayan da suka fi tsada a jikinta, sannan ka yi ta yawo da shi ba ya tsinana maka komai.

Ina suka bambanta?

Haibirid ta gama-gari, irin Toyota Prius da ta fara fita a Japan a 1997, ɗan ƙaramin batir gare ta, bai wuce yunit ɗaya ko biyu ba, irin yunit ɗin da mitar wutar gida ke ƙirgawa. Aikinsa ya tara ƙarfin da ke salwanta idan an taka birki, ya mayar da shi idan an taka totur, ya kuma bar injin fetur ya huta a cikin cunkoso. Duk ƙarfin da ke tafiyar da motar daga tanki yake fitowa. Dabara ce ta hana ɓarna, shi ke nan.

Ta cajin kuwa batirinta ya ninka wancan sau goma ko fiye. Na Prius ta caji samfurin 2023 yunit 13.6 ne, na RAV4 Prime, wato Toyota RAV4 ta caji, samfurin 2021 yunit 18.1. An girka shi ne don ka cika shi daga soket, ka yi kilomita 40 zuwa 80 injin fetur bai tashi ba. In ya ƙare sai ta koma aiki irin na haibirid.

Zirga-zirgar yau da kullum a yi ta da wuta, doguwar tafiya a yi ta da fetur. Tsari ne mai kyau, ban ƙi shi ba. Amma dukkansa a kan soket ɗin nan ya rataya.

"Ai tana cajin kanta"

Akwai 'yar gaskiya a ciki, shi ya sa maganar ke shiga kunne. Idan ka sauko gangara ko ka taka birki, injin lantarkin yana juyewa ya zama janareta, ya tura wuta cikin batir. To amma abin da ake samu ta nan kaɗan ne, kuma da ka sake taka totur ya tafi. Ƙaramin batirin haibirid ta gama-gari ya isa ya riƙe shi. Me za ka yi da yunit 18 don adana abin da bai kai yunit ɗaya ba? Sai dai in kullum daga ƙololuwar dutse kake gangarowa zuwa wurin aiki.

Wasu kuma maɓallin nan suke nufi, wanda ke sa injin fetur ya cika batir ana cikin tafiya. Yana nan a Mitsubishi Outlander da RAV4 Prime da wasu da dama. Daga ina wutar take fitowa? Daga tankinka. A ƙona fetur, inji ya juya janareta, janareta ya cika batir, batir ya ba injin lantarki, sannan taya ta juya. A kowane mataki wani kaso yana bin iska a matsayin zafi. Da an bar man ya yi aikinsa tun farko, da ya fi kai ka nesa.

Maɓallin yana da ranarsa. Idan akwai dogon tudu a gabanka kuma ka ɗauko kaya, ko za ka shiga unguwa cikin dare ba ka son ƙarar inji ta tashi mutane, ya yi amfani. Wanda ya mayar da shi madadin soket kuwa, a gidan mai zai ji a jikinsa.

"Ko ba caji ai haibirid ce"

Wannan hujja gaskiya ce, ba na musunta ta. Sifirin da kake gani a allon gaban direba ba ya nufin batir ya ƙare ƙarƙaf, kwamfutar motar tana ɓoye wani kaso don a ci gaba da aikin haibirid. Sai dai haibirid suna suka tara. Wace iri ce za ta zama?

Mu ɗauki mota ɗaya da aka ƙera iri biyu, don kada a ce na haɗa abin da bai haɗu ba. RAV4 samfurin 2021, a gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka: haibirid ta gama-gari tana shan kimanin lita 5.9 a kilomita 100. Ta cajin, idan batirinta ya sauka, lita 6.2. Prius ta 2023 ma haka, ta gama-gari lita 4.1, ta caji da ba a yi wa caji ba lita 4.5.

Nauyi ne ya jawo. RAV4 ta caji ta ɗara 'yar'uwarta da sama da kilo 200. Kamar ka ɗauki ƙarti uku ne a kujerar baya, ba sa sauka ko'ina, ba sa biyan kuɗin mota, duk inda ka nufa suna nan daram. Inji yana jin su, taya ma tana jin su, don ta fi saurin cinyewa a ƙarƙashin mota mai nauyi.

Kuma fa wannan Toyota ce, wadda ta fi kowa daɗewa a harkar haibirid, injinta tun asali an ƙera shi don tattali. A wasu motocin injin fetur mai shan mai aka ɗauka aka maƙala masa batir da injin lantarki. Jeep Wrangler 4xe misali ce. A gwajin Amurka ɗin dai, idan batirinta ya sauka tana shan kusan lita 12 a kilomita 100, fiye da 'yar'uwarta mai injin fetur zalla mai silinda huɗu. Ka ga an kai inda motar da aka saya don tsimin mai ba ta kai ta fetur tsantsa tsimi ba.

Ban da mai, akwai wuri. A da yawa daga cikinsu batirin ya cinye mazaunin safaya, ko ya rage zurfin but, wasu kuma tanki aka rage musu. Mai caji kullum bai damu da ƙaramin tanki ba. Wanda ba ya caji kuwa, shi ne zai riƙa yawan tsayawa shan mai.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a biya

Mu ce kana yin kilomita 40 a rana, 280 ke nan a mako. Da RAV4 haibirid ta gama-gari za ka sha lita 16 da rabi a mako. Ta cajin kuma, cikon batir ɗaya yana kai ta kimanin kilomita 68.

Idan kana jona ta kowane dare, da wuya ka leƙa gidan mai sai ranar doguwar tafiya. A shekara ka tsira da lita wajen 850, sai a cire kuɗin wutar da ka sha. Wannan riba ce ta gaske, kuma don irin wannan mutumin aka ƙera motar.

Idan sau ɗaya kake yi a mako, kilomita 68 ne kawai a kan wuta, sauran 212 a kan fetur, lita 13 ke nan. Ka rage lita uku da 'yan kai a mako, ƙasa da 180 a shekara.

Idan sau ɗaya a wata ne, abin da ka samu bai wuce ya goge ƙarin man da nauyin batir ya jawo maka ba. An yi ba a yi ba.

Idan ba ka yi sam, mai haibirid ta gama-gari ya riga ka da sama da lita 40 kowace shekara, ga shi ya sayi tasa da sauƙi.

Yanzu ka tambayi bambancin farashin motocin biyu, ka raba shi da kuɗin lita ɗaya a inda kake. Abin da ya fito shi ne yawan litar da sai ka tsimi kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Mai caji kowane dare zai iya kai wa gare shi cikin wasu shekaru. Mai yi sau ɗaya a mako sai ya ninka shekarun nan kusan sau biyar. Na ƙarshen kuwa ba zai taɓa kaiwa ba, don kullum baya yake ci. Kuma wannan lissafi ne mai sassauci, domin tsananin sanyi, da na'urar sanyaya mota a lokacin zafi, da gudu a babban titi, duk suna rage wa kilomita 68 ɗin nan tsawo.

Lita ɗaya a takarda

Abin da ya fi ruɗin mutane shi ne lambar da ke jikin takardar talla. Wannan RAV4 ɗin ta caji, a gwajin Turai an rubuta mata lita 1.0 a kilomita 100. Wa zai ga wannan bai yi sha'awa ba? Ba ƙarya aka shirga ba, amma da cikakken batir ake fara gwajin, sannan a ƙaddara cewa mai motar zai yi mafi yawan tafiyarsa a kan wuta. Lambar ta riga ta ɗauka kai mai caji ne kullum.

Turai ta gwada wannan zato a kan titi. Tun 2021 doka ta wajabta sa wa sabbin motoci na'urar da ke ƙirga man da suka sha a zahiri. A watan Maris na 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon farko daga motoci kusan 600,000. Motocin fetur sun zarce abin da ke takardarsu da kusan kashi 24 cikin ɗari, wanda dama an saba gani. Na caji kuwa, hayaƙin da suke fitarwa ya ninka na takarda sau uku da rabi.

Kafin nan, a 2022, ƙungiyar ICCT mai bincike kan sufuri da cibiyar bincike ta Fraunhofer ta Jamus sun bibiyi irin waɗannan motoci kusan 9,000 a Turai, kuma abin da suka gano shi ne ya fi ba ni haske. Motocin da mutane suka saya da kuɗinsu suna shan lita 4 zuwa 4.4, kuma kusan rabin tafiyarsu a kan wuta ne. Waɗanda kamfanoni suka ba ma'aikatansu suna shan lita 7.6 zuwa 8.4, kuma kashi 11 zuwa 15 ne kacal na tafiyarsu a kan wuta. Takardunsu kuwa duk ƙasa da lita 2 suke cewa.

Iri ɗaya ne motocin, hannun da ke riƙe da su ne ya bambanta. Ma'aikaci an ba shi katin shan mai kyauta, wutar gidansa kuwa daga aljihunsa za ta fita. Me zai sa ya jona? Ga kuma dogayen tafiye-tafiyen aiki. Ban ga laifinsa ba sosai. Na fi ganin laifin wanda ya tsara tallafi a kan sayen mota, bai tsara shi a kan yi mata caji ba.

Gwamnatoci sun farga, ko da yake a makare. Birtaniya ta cire wa irin waɗannan motoci tallafin saye a 2018, Jamus ta cire nata a ƙarshen 2022. Birnin Shanghai na China ya daina ba su lambar mota kyauta daga farkon 2023. Tarayyar Turai kuma ta sauya yadda ake lissafin gwajin daga 2025, don lambar takarda ta matso kusa da ta titi.

Saboda haka mai cewa ya saye ta ne don kare muhalli alhali ba ya caji, ya sake tunani. An haƙo ma'adinai, an ƙona makamashi wajen ƙera babban batir, kuma hanya ɗaya da batirin zai biya wannan bashi ita ce ya hana ƙona fetur. In bai hana ba, bashin yana nan, ga ƙarin hayaƙin ɗaukar nauyinsa.

"Zan riƙa yi a tashoshin caji"

Niyya ce mai kyau, amma ba ta cika daɗewa ba. Da yawa daga cikin waɗannan motoci ba sa karɓar cajin gaggawa irin na motocin lantarki zalla. Cajar da ke cikinsu ƙarama ce, tana jan yunit 3 zuwa 7 a awa ɗaya, komai girman tashar da ka je. Outlander da wasu na Mercedes da sabbin na China dai sun fita daban. Ke nan za ka zauna awa biyu zuwa biyar don ka samu kilomita 60, a farashin da kusan ko'ina ya fi na wutar gida. Watan farko za ka yi saboda ɗoki. Daga nan ranar da ka makara za ka ce gobe, gobe ta zama jibi.

Wurin aiki daban ne. Idan akwai soket a inda motar ke wuni awa takwas, kuma an yarda ka yi amfani da shi, wannan caji ne akai-akai, maganata ba ta shafe ka ba. Abin dubawa kawai shi ne, in ka sauya aiki fa?

Akwai masu cewa inda wuta ba ta tsayawa sai a yi da janareta. A nan lissafin ya fi ko'ina ban dariya. Ƙaramin janareta na fetur da ƙyar yake ba da yunit 2 daga lita ɗaya. Mota irin wannan tana bukatar yunit 18 zuwa 20 don ta yi kilomita 100. Lita tara ko goma ke nan a janareta, don tafiyar da lita shida za ta yi in an zuba ta a tankin motar. Ga ƙara, ga hayaƙi a tsakar gida.

Sola kuwa amsa ce ta gaske, amma da sharaɗi. Rana tana fitowa ne a lokacin da yawancin motoci suka bar gida. In motarka tana wuni a gida, ko farantan suna wurin aikinka, madalla. In ba haka ba sai ka tara wutar a batirin gida sannan ka juye wa motar da dare, kuma yunit 13 zuwa 18 ya fi ƙarfin batirin gidaje da yawa, wanda dama don fitila da fanka da firji aka saye shi.

"Nan gaba zan sa caja"

Ita ce hujjar da ta fi yaudara, don tana kama da hangen nesa. Batirin litiyam yana tsufa ko ana amfani da shi ko ba a yi, kuma zafi yana ƙara masa saurin tsufa. Garantin da kamfanoni da yawa ke bayarwa shekara 8 ne ko kilomita 160,000, kuma daga ranar saye yake fara ƙirgawa, ba ya jiran ranar da ka ja waya zuwa gareji. In ka yi shekara huɗu kana cewa nan gaba, rabin garantin ya tafi a kan batirin da bai yi maka aiki ba.

Sannan fasahar ba a tsaye take ba. Outlander ta farko da ta fito a 2013 yunit 12 gare ta, wadda ta biyo bayanta ta kai 20. Yanzu akwai masu wuce kilomita 100 a kan wuta. Duk wanda ya sayi ta yau don amfanin shekara biyar masu zuwa, tsohon yayi zai tarar a hannunsa ranar da ya shirya. In ƙaurar taka tabbatacciya ce, nan da 'yan watanni za ka koma gida mai gareji da wuta, wannan wata magana ce. In fata ne kawai, ka bari sai ya tabbata.

Kada a manta da gyara. Duk abin da motar fetur ke bukata tana bukata, man inji, filogi, matata, sannan ga caja ta ciki, ga hanyoyin sanyaya batir, ga wayoyi masu ɗauke da wutar da za ta iya kashe mutum, waɗanda ba kowane makaniki ya kamata ya taɓa ba. Haibirid ta gama-gari ma tana da irin wayoyin nan, amma ranar da batirinta ya gaji, sauya ƙaramin batir da sauya babba ba kuɗi ɗaya ba ne.

Inda hujjata ta yi rauni

China. Kamfanin BYD, wanda tun 2008 ya fitar da motar caji mai suna F3DM, ya sauya lissafin nan a kasuwarsu. A watan Mayu na 2024 ya ƙaddamar da sabon tsarinsa na motocin caji, yana iƙirarin lita 2.9 a kilomita 100 ko da batir ya sauka. Iƙirarin kamfani ne, a kan tsohon salon gwaji mai sassauci, kuma a gwaji mai tsauri lambar ta fi haka. Duk da haka motocin suna da tsimi ƙwarai, domin injin fetur ɗinsu mafi yawan lokaci janareta ne kawai, yana aiki a gudun da ya fi masa daɗi. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne farashi. A 2024 a China, BYD Qin Plus ta caji ta fi Corolla haibirid araha.

To idan a kasuwar da kake ta cajin ba ta fi haibirid ta gama-gari tsada ba, ko don gasa ko don rangwamen haraji, kuma shan manta idan batir ya sauka bai wuce na waccan ba, ba ni da abin cewa. Saye ta. Sai dai ka auna ta a matsayin haibirid. Lambar da za ka nema ita ce shan manta bayan batir ya sauka, kuma ka nemi ta bakin waɗanda suka tuƙa ta, ba ta jikin takarda kaɗai ba. Ka kuma zaɓi mai ƙaramin batir in akwai zaɓi, tunda ɗaukarsa kawai za ka yi.

Akwai wasu dalilai biyu da nake girmamawa, in dai an faɗe su a fili. Na farko ƙarfi. RAV4 Prime samfurin 2021 tana da ƙarfin doki 302, haibirid ta gama-gari 219, kuma bambancin ana jin sa a totur. Wanda ya ce shi wannan yake so kuma yana da halin biya, kuɗinsa ne. Kada dai ya ce mana tattali yake yi.

Na biyu, wuta a gida. Outlander tana da soket mai ba da wat 1,500, kuma a Japan an yi amfani da irinta wajen ba mutane wuta bayan guguwa da girgizar ƙasa. Wannan amfani ne babba ga wanda wuta ke yawan ɗauke masa. Amma a duba da kyau, akwai haibirid na gama-gari na Toyota da ake sa wa irin wannan soket ɗin, ba sai ta caji ba.

Wa ta dace da shi?

Wanda motarsa ke kwana kusa da soket mai wuta mafi yawan darare, kuma zirga-zirgarsa ta yini ba ta wuce abin da batirin ke iya yi ba, amma yana yin doguwar tafiya jefi-jefi zuwa inda babu tashoshin caji. Ga irin wannan mutum, ina ganin da wuya a samu motar da ta fi ta dacewa. Ba sai kowane dare ba ma. Mai yin kilomita 20 a rana, caji biyu ko uku a mako sun wadatar da shi.

Wanda kuma ya riga ya saya, ba sai ya yi gaggawar sayarwa da asara ba. Ya fito da wayar daga but ya nemi soket, ko na wurin aiki ne, ko sau biyu a mako. Mutane da yawa ba su san cewa ba sai an sa wata caja ta musamman a bango ba. Soket na gida ya isa. A ƙasashe masu wutar bolt 230 yana ba da yunit biyu da 'yan kai a awa, batir ya cika cikin awa shida zuwa takwas. A masu bolt 120 irin Amurka yana kai awa 11 zuwa 12.

Sai dai a kira mai aikin wuta ya duba layin tukuna, ya tabbatar wayar cikin bango tana da kauri kuma akwai wayar ƙasa. Kada a ja ta da doguwar waya mai rassa irin wadda ake jona talabijin da caja. Soket ɗin zai kwana yana jan wuta mai yawa ba hutawa, abin da ko dutsen guga ba ya yi masa. A daren farko, bayan awa ɗaya, ka je ka taɓa kan filogin. In ɗumi ne kaɗan, babu komai. In ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi, zare shi, kada ka mayar sai an sauya soket ɗin.